Turaku Bakwai a Bakin Rumbu

Tun ina yarinya ba na iya ganin abu a tare ban ƙirga shi ba. Awaki in sun shigo da marece, ƙoren da ke jere a ɗakin innata, mutanen da ke kan amalanke in ya wuce ta ƙofar gidanmu. Innata ta sha ranƙwashina a kai, domin nuna mutane da yatsa ana ƙirga su rashin tarbiyya ne. Sai na koyi yi da ido, bakina a rufe. Ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu a wannan fanni ba.

Da na girma na gane adadi ma hali gare shi, kamar mutane. Akwai cika, akwai mara. Wannan kowace yarinya ta sani tun daga wasan dunƙule gyaɗa a hannu. Amma cikan ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai sauƙin kai kamar sittin: ka ce biyu ya yarda, ka ce uku ya yarda, huɗu, biyar, shida, duk ba ya musu. In aka kawo mini goro sittin in raba wurin suna, na san ranar ba mai yin gunaguni. Akwai irin ɗari, wanda mutane ke girmamawa saboda sunansa, alhali in ka kai shi gaban mutum uku sai ya bar ka da ɗaya a hannu kana neman inda za ka sa. Sai kuma kangararru, irin casa'in da bakwai ko ɗari da ɗaya. Waɗannan ba su rabuwa ta kowace hanya. Sai dai ka tara mutane iyakar yawansu ka ba kowa ɗai-ɗai, ko ka bar wa mutum guda duka.

Aka kawo ni aure wani ƙauye a gefen tafkin Madarumfa, gidan gandu. Surukina, wanda duk muke ce wa Baba, 'ya'yansa huɗu: maza uku da ɗiya guda. Ni matar babban ce. Na tsakiya lokacin ko gemu bai fara ba, ƙaramin yana bin awaki, ita kuwa Auta a bayana ta ƙarasa girma, don uwarsu ba ta daɗe ba bayan zuwana.

Kafin ta rasu ita ta gaya wa Baba cewa amaryar nan tana da idon ƙirga. Daga nan kowace kaka sai ya sa a shimfiɗa mini tabarma nesa kaɗan da bakin rumbu, a ba ni igiyar kaba. Dami goma ya shiga, in yi ƙulli. Ƙulli goma ya cika, in jefa tsakuwa a ƙoƙo. Ba ma magana da juna, ni da shi, sai ta bakin wani. In an gama sai ya aiko a tambaye ni, ni kuma in aika masa. Haka muka yi shekara da shekaru. Ɗakinsa kuwa ban taɓa taka dokin ƙofarsa ba, ko shara ce sai dai Auta ko jikoki su yi.

Abin da Baba ke nema duk rayuwarsa shi ne ya yi dubu. A da, in manomi ya ɗaure dami dubu a kaka ɗaya, sai a yi kiɗa a yi biki a kira shi sarkin noma. Baba ya ce shi ba ya son kiɗa, ba ya son rawani, so yake kawai ya gani da idonsa. Tsofaffi suna cewa wanda ya yi dubu ba ya daɗewa. Sai ya yi dariya ya ce ai shi ko bai yi ba ya kusa.

Shekarar da nake magana, na riga na aurar da 'yata ta fari. Damina ta yi mana kyau irin wanda ban sake gani ba. Aka fitar da zakka tun a gona, kowane dami na goma a ware shi gefe, aka ba masu ita kafin amalanke ya ɗauki na gida. Abin da ya shiga rumbuna biyar, da ƙullina da tsakuwata, dubu ne cif. Sai kuma dami guda da Baba ya ɗaure da hannunsa, zangarniya zaɓaɓɓiya ɗaya bayan ɗaya, don iri. Shi wannan a ɗakinsa ya rataye shi. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya ji: dubu da ɗaya. Mai kifi ya ji, mai gyaran rediyo ya ji, baƙin da suka zo daga Safo neman aure ma sai da suka ji kafin su faɗi abin da ya kawo su.

Bai kai ga cin tuwon hatsin ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa.

Auta ta zo zaman makoki daga Gabi da 'ya'yanta huɗu. Mijinta ya tafi ci-rani Najeriya damina biyu da suka wuce, ciwo ya kama shi can, sai labari aka kawo. Ita ba mai kuka da hali ba ce, ba za ta faɗa ba. Amma ni ina kallo. Na ga gashin ƙaramar 'yarta ya yi ja, ya yi laushi. Na ga yaran in an ajiye akushi ba su hayaniya kamar namu, shiru suke yi su ci da sauri. Na ga ita kanta in an kwashe tuwo tana ɓamɓare ƙanzo tana shanyawa a bayan ɗaki, inda take zaton ba mai zuwa. A Gabi ruwa ya ɗauke musu da wuri a shekarar, hatsi bai yi ido ba.

Da aka kusa sadakar arba'in, mazan suka zauna ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gida, na kai musu fura. Sun riga sun shirya raba gandu, kowa ya kama nasa. Na tsakiya ya daɗe da barin fartanya, mota yake ja tsakanin Maraɗi da Jibiya, so yake a ba shi nasa ya sussuke ya sayar. Ƙaramin yana da lambu a bakin tafki, shi duk abin da yayyensa suka ce ya yi masa. Ina durƙushe ina dama furar na ji na tsakiya yana cewa:

"Lissafin ba wuya. Ɗari uku da talatin da uku kowa, saura biyu. Biyun nan a ba Auta ta yi wa yara kunu."

Ƙaramin ya ce, "Madalla."

Maigidana ya ce, "Haka dai aka saba."

Gaskiya ya faɗa, haka aka saba. A wurinmu ɗiyar da ta yi aure ba ta ɗibar hatsin gandu. Sai a ce rabonta yana hannun 'yan'uwanta, in ta zo ganin gida a cika mata ƙwarya. Ba wanda bai san abin da addini ya ce ba, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Liman yana faɗa, kowa yana gyaɗa kai. Amma sai a kira macen a tambaye ta a gaban yayyenta, ita kuma ta ce ta yafe, don tana tsoron ranar da za ta zo gidan ubanta a amsa mata sallama a daƙile.

Washegari muna daka da Auta na ce mata, "Sun kira ki?"

"Yaya ya kira ni. Na ce na yafe."

"Da bakinki?"

"To da bakin wa zan faɗa, Matar Yaya? Su ke nan gare ni."

"Rumbunki na Gabi dami nawa ke ciki?"

Ta ci gaba da daka kamar ba ta ji ba. Na tsayar da taɓaryata na tsaya ina kallonta. Ta san ni, ni na yi mata kitson aure.

"Goma sha tara," ta ce.

"Baki biyar."

"Allah na nan."

"Yana nan. Shi ya ba ubanki dubu da ɗaya."

Ban ƙara ba, don na ga idonta ya kawo ruwa, ni kuwa ba na son kuka a kan turmi.

Da hantsi, bayan an watse, na ɗebo wake na zauna bayan madafa. Na ƙirga ƙwaya dubu da ɗaya a faifai. Ban taɓa riƙe adadi mai girman wannan ba, ban san halinsa ba, kuma ba na yarda da abin da ban gwada ba. Na fara kasawa a kan tabarma. Biyu, ya bar ɗaya, wannan na sani tunda mara ne. Uku, ya bar biyu, kamar yadda na tsakiya ya ce. Huɗu ya bar ɗaya. Biyar ya bar ɗaya. Shida, wato in kowane namiji ya ɗauki kashi biyu ba a sa mace ba, ya bar biyar. Na ce a raina wannan kangararre ne, irin ɗari da ɗaya, sai dai ya fi shi jiki.

Sai na kasa bakwai. Ina zagayawa ƙwaya ɗai-ɗai, faifai yana raguwa, har na ɗauki ta ƙarshe na ajiye a kashi na bakwai. Na duba faifai, na kife shi, na kakkaɓe zanena ko wata ta maƙale. Babu. Na ƙirga kashi guda, ɗari da arba'in da uku. Na tattara na sake daga farko, da safe na kuma sakewa. Bai canja ba.

Daga baya, don son sani kawai, na bi shi gaba. Ya ƙi takwas, ya ƙi tara, ya ƙi goma. Ya yarda da goma sha ɗaya. Ya ƙi sha biyu, ya yarda da sha uku. Ban taɓa ganin adadi mai irin wannan hali ba: ya juya wa duk masu sauƙin kai baya, sai da kangararru yake shiri. Dubu ita kaɗai, mai farin jinin nan, tana yarda da biyu da huɗu da biyar da takwas da goma, amma ba ta san bakwai ba. Ɗayan nan da aka ɗora mata shi ya sauya ta gaba ɗaya.

Na sami maigidana yana gyaran ƙotar gatari a zaure, na ce, "Malam, hatsin Baba ba ya rabuwa uku."

"Saura biyu. Na sani. An san inda za a kai su."

"Yana rabuwa bakwai. Ko ƙwaya ba ta saura."

Hannunsa ya tsaya. Ba sai na fassara masa ba. Biyu, biyu, biyu, ɗaya, ko yaron makarantar allo ya san wannan.

"Ƙirga aka ce ki yi," ya ce, "ba alƙalanci ba."

"Ƙirgar na yi."

"Kin san dami nawa zai fita daga bakin 'ya'yanki?"

"Arba'in da bakwai."

Ya dube ni, ya mai da kai kan ƙotarsa. Shi ba mugu ba ne, shekara talatin ina cin tuwo da shi. Abin da yake tsoro shi ne a ce daga binne uba ya fara rigima da ƙannensa, kuma a ce mace ce ta sa shi.

Ranar rabo maƙwabta suka zo taimako tun da sassafe, don fitar da dami dubu daga rumbu ba aikin mutum uku ba ne. A al'ada mai ƙirga shi ke kafa turaku a fili, kowane turke kashi guda, a yi ta zagayawa ana ajiye dami ɗai-ɗai har rumbu ya ƙare. Kafin su iso na riga na kafa nawa. Bakwai, a jere. Mata suna bayan zana suna leƙe, Auta a cikinsu.

Na tsakiya ya iso yana kaɗa makullin mota a yatsa. Tsakanina da shi akwai wasa tun yana yaro, kamar yadda ake yi da ƙanen miji. Ya tsaya ya ƙirga turakun da haɓa.

"Matar Yaya, shanu za mu ɗaure ne?"

"Hatsi za mu raba, Alhajin hanya."

"Mu uku ne."

"Na ƙirga ku tun kana yawo ba wando. Ku huɗu ne."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Wani dattijo maƙwabcinmu, abokin Baba tun samartaka, ya gyara zama a kan buzunsa.

Na tsakiya ya ce, "Ita da kanta ta ce ta yafe."

"Ni ban zo da maganar wanda ya yafe ba. In uku kuke so, ga turakun nan. Wanda ya ga huɗu sun yi yawa ya sa hannu ya cire. Ni dai ba zan cire ba."

Ya taka har gaban turken ƙarshe. Ya waiwayi yayansa, yayan yana kallon jinkar rumbu kamar yau ya fara ganinta. Ya waiwayi mutane. Abu ne mai sauƙi a ce haka aka saba a ƙarƙashin dogon yaro, amma mutum ya sunkuya a gaban maƙwabta ya tumɓuke turken ƙanwarsa, wannan wani abu ne daban. Sai ya mai da abin wasa, don shi mutum ne mai wayo.

"To, mu bar hatsin ya yi magana. A zagaya bakwai ɗin. In ya ƙare daidai a turken ƙarshe, na yarda, Allah ne ya raba. In ya yi saura ko ya gaza, ko da dami guda, mu koma uku, kuma ki dama mini fura wata guda, da nono mai kauri."

"In ya cika fa?"

"Ni zan kai mata Gabi da motata, man ma nawa."

Na san abin da ya dogara da shi. Shi da mutane da yawa suna ɗauka mara ba ya rabuwa sam, balle babba irin wannan da ya riga ya ƙi biyu ya ƙi uku. Na ce na yarda. Ba zan ɗora abincin marayu a kan wasan ƙanen miji ba in da ban kwana biyu da wake a bayan madafa ba. Abin da kawai zai iya kayar da ni shi ne ɓera ko hannun mutum, shi ya sa duk zaman makokin nan da ragowar hatsin bara da dawa na ciyar da baƙi, ban bari an buɗe ko ɗaya daga rumbunan biyar ba.

Aka ɗaga jinkar farko. Mutum biyu a ciki suna miƙowa, sauran suna ɗauka, ni ina tafe da kara a hannu ina nuna turke. Ban yarda kowa ya ajiye dami inda ban nuna ba. Wani saurayi ya so ya ɗora biyu wuri ɗaya don ya huta, na sa ya ɗauke. Can wani dami ya kwance, zangarniya ta watse. Na tsakiya ya ce, "A ɗaure shi biyu mana, ai ya yi ƙato." Na ce a mai da shi yadda Baba ya bar shi, na tsaya a kai har aka tsince aka ɗaure. Aka tsaya azahar, aka sha fura, aka koma. Tsibi bakwai suna tashi kafaɗa ɗaya, har suka fi ni tsawo, sai an cilla.

Wajen la'asar na cikin rumbun ƙarshe ya leƙo ya ce, "Saura shida."

Aka ajiye su: turke na ɗaya, na biyu, har na shida. Na bakwai, na Auta, bai samu ba.

Na tsakiya ya kakkaɓe hannu. "Matar Yaya, kin ji dai, nono mai kauri. Ba na son tsala."

Ni ban manta da damin da ke ɗakin Baba ba. Tun safe na san a nan za a tsaya. Amma ɗakin a rufe yake tun ranar da aka fitar da shi, kuma ƙafar da ba ta taka wurin yana raye ba, ba za ta taka don ya mutu ba. Sai ɗansa ne zai ɗauko.

Na ce, ba tare da na dubi kowa ba, "Baba nawa yake cewa ya samu?"

Sai dattijon nan ya ce daga kan buzunsa, "Dubu da ɗaya. Har kunnena ya gaji da ji."

Na tsakiya ya ce, "Wancan ai iri ne. Ba ya cikin rumbu. Ni hatsin rumbu na ce."

"Ranar da kuka raba uku ƙarƙashin dogon yaro, saura nawa ka ce?"

"Biyu."

"Dubu in an raba ta uku, ɗaya take bari. Na biyun daga ina ka samo shi?"

Ƙaramin ya fashe da dariya, ya yi sauri ya rufe baki da hula. Amma dariya ba ta kawo dami, turken nan yana tsaye da giɓinsa. In ba wanda ya motsa, maganarsa ce za ta tsaya, a rushe tsibi bakwai a mai da su uku, Auta ta koma Gabi da dami biyu.

Maigidana ya juya ya nufi gida. Bai ce zai dawo ba. Na ji wata daga bayan zana tana cewa ya yi fushi. Ni ina tsaye da karana, ban zauna ba, ban kuma bi shi da ido ba. Aka ji ƙarar ƙyauren kwano. Sai ga shi ya fito da damin a kafaɗa, dogon nan mai zangarniya fara sol, da ɗaurin Baba da kowa ya sani, ƙulli biyu a gefe. Ya wuce tsibinsa, ya wuce na ƙannensa, ya sauke shi a turke na bakwai.

"Auta," ya ce, "zo ki ga hatsinki."

Ta fito tana jan gyale a fuska. Ta durƙusa nesa da shi. "Yaya, ai na ce na yafe."

"Na ji. Ni ban karɓa ba."

Ya dubi na tsakiya. Shi kuma ya sosa ƙeya ya ce, "Ni ma ban karɓa ba, tunda an tsare ni a gaban jama'a." Ya juyo gare ni. "Ke kuwa, Matar Yaya, da a duwan kike aiki, wurin 'yan kwastan, da mun daina bin hanyar nan."

Na ce, "Ka zo da motar da wuri, kafin rana ta yi zafi."

Ya zo. Ni na tsaya a kan lodin. Na sa aka jera sahu goma sha ɗaya, kowane sahu dami goma sha uku, don na riga na san ɗari da arba'in da uku haka yake kwanciya, ba wata hanya. Damin irin kaɗai Auta ta zare daga sahun ƙarshe ta rungume a gaban mota, ta ce kada rana ta taɓa shi.

Mutane sun yi ta faɗa daga baya cewa Baba ya san abin da ya yi, wai da gangan ya ƙara ɗayan nan. Ban yarda ba. Baba bai san bakwai daga takwas a wannan fanni ba, iri ya ɗaure kamar kowace shekara. Kuma da adadin ya zo kangararre ne, da bai yarda da bakwai ba, rabon Auta yana nan rabonta, sai dai a kwance dami a auna da tiya. Wannan na sani tun kafin in ɗebo wake. Sai dai na ga mazan gidanmu sun daɗe suna jin magana tana wucewa ta kunne, amma tsibin hatsi a fili ba ya wucewa.

Maigidana ya yi kwanaki ba ya ce mini komai sai abin da ya zama dole. Arba'in da bakwai ɗin nan kuwa mun ji su. Hatsinmu ya ƙare kafin sabo ya nuna, muka ƙarasa damina da zogale da garin rogo, yara suna ɓata fuska. Wata rana yana cin kwaɗon ya ce, "Ga lissafinki nan muna ci." Na ce ya ƙara ƙuli zai fi daɗi. Ya ƙara.

Da na je Gabi bayan an yi shuka, ƙaramar 'yar Auta ce ta taro ni a bakin hanya, gashinta ya yi baƙi har an kama mata kitso. Auta ta kai ni gona ta nuna mini inda ta zuba irin Baba. Igiyar da ya ɗaure damin da ita tana rataye a ɗakinta, ba ta kwance ƙullin ba, yanka ta yi daga gefe. Ta ce in kaka ta yi in zo in ƙirga mata.

Na ce ta tanadi kaba.